Kwanciya a Kan Ruwan Kendwa

Wanda zai je Zanzibar don ya shiga ruwa, ya fara duba kwanan wata kafin ya tambayi kuɗin masauki. A wannan gaɓa ta Tekun Indiya ruwa yakan cika sau biyu ya janye sau biyu a wuni da kwana, kuma lokacin cikar yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kullum, domin wata yake bi. A tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, tazarar da ke tsakanin cika da janyewa takan doshi mita 4. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, ƙasan tekun shimfiɗe yake, saboda haka in ruwa ya ja baya mutum zai iya tafiyar kilomita guda a kan jiƙaƙƙen yashi ruwan bai rufe idon sawunsa ba. Baƙon da bai san wannan ba yakan tashi da hantsi da niyyar wanka ya tarar ruwan ya yi masa nisa, sai ya jira la'asar.

Dalilin da ya sa na nufi Kendwa ke nan. Ƙauye ne a arewa maso yammacin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, tafiya kaɗan kudu da garin Nungwi. A nan gaɓar tana gangarawa da sauri, don haka ko ruwa ya janye ba ya barin bakin yashi da nisa. Tsibirin Tumbatu yana tsaye a gabanta yana tare mata manyan igiyoyi, kuma a watannin da iskar kudu take kaɗawa, wadda mutanen wurin ke kira kusi, tudun ƙasa ne ke bayanta yana kare ta. Abu biyu na je nema: in kwanta a kan ruwan gishiri ba tare da na motsa hannu ba, in kuma ga yadda wurin yake daga sama.

Daga Dar es Salaam jirgin ruwa mai sauri yana ɗaukar kimanin awa biyu. Zanzibar ta haɗe da Tanganyika ranar 26 ga Afrilun 1964 aka sami Tanzaniya, amma har yau tana da shugabanta da majalisarta, kuma a tashar jirgin ruwa sai an sake duba fasfon baƙo. Tsohon garin, Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, ya cancanci labari na kansa: lunguna masu ƙunci, ƙofofin katako da aka sassaƙa aka ƙawata da tagulla, ƙamshin kanumfari, da tabon kasuwar bayi da aka rufe a 1873. Na yi salla a ɗaya daga cikin ƙananan masallatansa, na kama hanyar arewa. Kusan kilomita 60 ne. Hanyar ta ratsa itatuwan mangwaro da kwakwa da gonakin rogo da ayaba, 'yan makaranta mata da fararen hijabai suna tafiya a gefen titi, motocin haya da suke kira daladala maƙare da mutane da buhuna da kwandunan kifi.

Da sassafe tekun Kendwa ba ya ko motsi. Yashin fari ne fat, mai laushi, kuma ba ya ɗaukar zafi sosai ko rana ta take, domin asalinsa murjani ne da ɓawon halittun ruwa da suka niƙe. Wani dattijo mai kwale-kwale ne ya karɓe ni. Jirginsa irin wanda ake kira ngalawa ne, gungumen mangwaro da aka fafe, an ɗaura masa katako biyu hagu da dama don kada ya kife. Da guntun Turanci da nuni da hannu muka fahimci juna. Bai yarda na taka jirgin ba sai da na sa rigar ceto, kuma bai bari na cire ta ba sai da muka tsaya inda ruwa ya kawo mini ƙirji, ƙafata tana taɓa ƙasa.

Ya ce, "Malam, kada ka yi kokawa da shi. Cika ƙirjinka da iska, ka bar kunnuwanka su nutse, ka dubi sama."

Na ce, "Baba, in ruwa ya rufe mini fuska fa?"

Ya ce, "Ba zai rufe ba, sai in kai ne ka ɗaga kai."

Maganarsa tana da hujja. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, abin da ya sa ta fi ruwan kogi nauyi da kusan kashi biyu da rabi cikin ɗari. Jikin ɗan Adam kuwa, in huhu ya cika da iska, nauyinsa bai kai na ruwan da ya ture ba, sai dai da ƙyar ya tsira. Wannan ɗan bambanci na gishiri shi ke ƙara masa rata. Matsalar tana ga kai. Kan babban mutum yana da nauyin kilo biyar ko kusa da haka, kuma da zarar tsoro ya sa an ɗaga shi sama don neman numfashi, ruwa ya daina ɗaukar nauyinsa, sai ƙugu da ƙafafu su yi ƙasa. Abin da jiki ke umartar mai tsoro ya yi, shi ne ainihin abin da ke nutsar da shi.

Dattijon ya sa tafin hannunsa a ƙarƙashin bayana, na kwanta rigingine, na buɗe hannuwa da ƙafafu. Ruwan yana da ɗumi. Da kunnuwana suka nutse, hayaniyar gaɓa ta ɗauke, sai sautin numfashina da wani ƙaras-ƙaras na daban da ke tasowa daga ƙasa, wanda daga baya ya gaya mini ƙananan jatan lande ne ke yin sa a cikin duwatsun murjani. In na shaƙi iska ƙirjina ya ɗaga, in na saki ya ɗan sauka, haka jiki ke hawa da sauka shi kaɗai. Can na lura babu hannu a bayana. Yana tsaye gefe yana gyara igiyar jirginsa. Subhanallahi! Mutumin da ya girma nesa da teku, wanda tun yana yaro ake ja masa kunne a kan kududdufi da rafi, zai gane girman wannan lokaci. Ruwan da aka koya masa tsoro ne ke ɗauke da shi, wuya da kafaɗun da suka saba da nauyi sun saki, babu abin kallo sai sararin sama da wani tsuntsu da ke ratsawa jefi-jefi. Na daɗe a haka, kuma ban taɓa samun hutun jiki irin wannan a kan kowane gado ba.

Sai dai natsuwar tana da sharaɗi. Mai kwance a kan ruwa ba ya jin yana tafiya, alhali ruwa yana jan sa a hankali, musamman lokacin janyewa. Ba ya jin ƙarar inji da wuri, ga jiragen yawon buɗe ido suna kai da kawo. Rana tana cin fuska ba a sani ba. A inda duwatsu suke kuma akwai wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi da kan karye a cikin tafin ƙafa. Ban shawarci kowa ya yi wannan kwanciya shi kaɗai ba, komai kwanciyar tekun.

Batun hoto daga sama kuwa, ba a shigo da ɗan jirgi marar matuƙi Tanzaniya a tashe shi haka kawai. Sai an yi masa rajista da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, baƙo kuma sai ya nemi izini na musamman tun kafin ya iso. Na ga ya fi sauƙi, ya kuma fi dacewa, in ɗauki wani saurayi ɗan Nungwi da ke wannan sana'a da takardunsa. Kallon aikinsa kaɗai darasi ne. Kafin ya buɗe jaka sai da ya tsaya yana duban ganyen kwakwa don ya auna iska. Bai ajiye jirgin a kan yashi ba, domin ƙwayar yashi in ta shiga injin farfela ta gama da shi, sai ya shimfiɗa tabarma. Batir ɗaya ba ya wuce minti 20 zuwa 30, kuma yakan dawo da jirgin da sauran caji mai yawa, domin a kan teku babu wurin saukar gaggawa. Ya ce in daga cikin kwale-kwale za a tashe shi, akwai tarko: jirgin yana riƙe da wurin da ya tashi, in ya rasa sadarwa can zai koma ya sauka, alhali kwale-kwalen ya riga ya gusa, babu komai a wurin sai ruwa. Abokan gabarsa na kullum su ne hankakin Indiya da aka kawo tsibirin a ƙarshen ƙarni na 19 don su cinye shara, suka hayayyafa suka addabi kowa. In suka taso wa jirgin, sama yake yi da sauri ya bar musu wurin.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Da asuba haske bai isa ya ratsa ruwa ba, sai a ga saman teku ya yi toka-toka. Da rana tsaka kuma, in kyamara ta dubi ƙasa kai tsaye, hoton ranar ne ke dawo mata ya wanke komai. Hantsi ya fi, lokacin da rana ta ɗaga ta haska ƙasan ruwa amma ba ta zo tsakar ka ba. Saurayin ya ƙara wa kyamarar wani ɗan gilashi mai kashe ƙyalli, ya ce in koma in kwanta.

Da ya nuna mini allon, na ɗauki lokaci ina kallo. Ruwan ya yi garai-garai har ba a ganinsa, sai mutum a miƙe, inuwarsa kwance a kan yashi can ƙasa, tsakaninsu babu komai. Daga gaɓa launin ya fara da fari, ya koma kore mai haske, ya koma shuɗi, sannan inda ƙasa ta zurma ya yi shuɗi mai duhu, iyakar a fili take ba sai an nuna ba. Dalilin shi ne ruwa yana fara shanye jan haske ne, ya bar kore da shuɗi su yi nisa. A wuri marar zurfi farin yashi yana maido da hasken kafin ya ƙare, a wuri mai zurfi kuwa kaɗan ne ke dawowa. Baƙaƙen tabon da ke warwatse ciyawar ƙasan teku ce da murjani, inda kifi ke kiwo. Masunci ya san duk wannan da ƙafarsa da sandarsa tun yana yaro. Ni sai da na hau sama na gani.

Hoton yana da kyau, ba na musu. Amma na roƙi saurayin ya juya kyamarar ta dubi tudu, kuma abin da ya fito ya fi zama mini a rai. Otal-otal ne jere a bakin yashi, kowanne da tafkin wankansa, a bayansu doguwar katanga, a bayan katangar kuma ƙauye: rufin kwano da tsatsa ta ci, hanyoyin ƙasa, filin ƙwallo, hasumiyar masallaci, mata da jarkoki a bakin famfo. Zanzibar ta karɓi baƙi sama da 600,000 a 2023, kuma akasarin hotunan da suke komawa da su an yanke wannan ɓangare. Mai kallon irin hoton zai ɗauka tsibirin fanko ne, an ajiye shi don hutun wanda ya zo. A ganina wannan rashin adalci ne ga masu wuri, ko da mai hoton bai nufa ba.

Kayan aikin ba shi da laifi, ya danganta da hannun da ke riƙe da shi. A 2016 aka fara wani shiri na zana taswirar tsibiran Unguja da Pemba da ƙananan jirage marasa matuƙa, da tallafin Bankin Duniya, kuma ɗaliban jami'ar gwamnatin Zanzibar ne aka horar suka riƙa tashin jiragen suna haɗa hotunan. Da irin waɗannan hotuna ake ƙidaya gidaje, a ga unguwannin da ambaliya ke ci, a ga inda teku ke zaizaye gaɓa. Saurayin nan ya ba ni labarin shirin da alfahari, yana cewa tun kafin baƙi su cika wurin da jiragensu, 'ya'yan tsibirin sun riga sun ga ƙasarsu daga sama.

Shi ne ya ba da shawara mu tsallaka gabas, mu riski janyewar ruwa a Jambiani. A can na ga abin da ya canza mini ma'anar tafiyar. Daga sama, filin da ruwa ya bari a yanke yake gida-gida, layi bayan layi, tamkar kunyoyin gona bayan huɗa. Gonakin ciyawar teku ne, wadda suke kira mwani. Ana kafa turaku a yashi, a ɗaura igiya tsakaninsu, a ɗaɗɗaura 'yan rassan ciyawar, bayan kamar mako shida a girbe a shanya. An fara wannan noma don sayarwa ne a 1989 da irin da aka kawo daga Filifin, kuma mata ne mafi yawan masu yin sa. Daga ciyawar ake fitar da wani sinadari mai kaurara abu, da ake sa wa man goge baki da askirim da kayan shafa a Turai da Asiya. Mai yiwuwa ne wani abu da ke kan shiryayyen kanti a garinku ya bi ta hannun waɗannan mata.

Kafin saurayin ya tashi jirgin sai da ya je ya durƙusa ya gaida babbarsu, ya ce, "Mama, baƙo ne yake son ya ga gonar daga sama, in kun yarda." Ta ce a ɗauki gona, kada a sauko kan fuskokinsu. Haka aka yi, jirgin bai sauko ba. Wannan ladabi ya burge ni fiye da duk gwanintarsa. Jama'ar Zanzibar kusan duka Musulmi ne, mata suna aiki cikin ruwa da zane da mayafi, kuma kyamarar da ke shawagi a kan mutum ba tare da saninsa ba leƙe ce, ko a wace ƙasa.

Noman yana cikin matsala. Ruwan da ba shi da zurfi yana ƙara zafi, nau'in ciyawar da ya fi tsada kuma ba ya jure zafin, sai ya yi fari ya ruɓe. Maganin da masana ke bayarwa shi ne a matsa da gonakin cikin ruwa mai zurfi da sanyi. A nan gizo ke saƙa, domin da yawa daga cikin matan da suka shekara suna aiki a teku ba su iya iyo ba. Al'ada ba ta saba koya wa 'ya mace ba, kuma babu tufar wanka da za ta sa ta fita da mutuncinta.

Da na koma arewa, wata safiya a gefen Nungwi, nesa da otal-otal, na hangi wata malama tsaye cikin ruwa da 'yan mata kewaye da ita. Kowacce sanye da riga da wando masu rufe jiki har wuyan hannu da idon sawu, kai a rufe, ta rungume jarka marar komai a ƙirji, ta kwanta rigingine. Malamar tana bi ɗaya bayan ɗaya tana tallafe ƙeya, tana danna goshi baya. Darasin da dattijo ya ba ni ne, ba ragi ba ƙari. Saurayin bai ko taɓa jakarsa ba, ni ma ban nema ba. Wata ƙungiya ta garin mai suna Panje Project ta yi suna a wannan aiki na koya wa yara da mata iyo da ceton wanda ruwa ya ci, kuma samar da tufar wanka mai rufe jiki na cikin abin da ya sa iyaye suka amince. Hotunan da wata Ba'amurkiya, Anna Boyiazis, ta ɗauka na waɗannan darussa sun sami lambar yabo ta World Press Photo a 2018.

Mutanen Nungwi sun san abin da ya sa ba su ɗauki wannan wasa ba. Daren 10 ga Satumban 2011 jirgin Spice Islander, wanda aka yi wa lodi fiye da kima, ya kife a kan hanyarsa daga Unguja zuwa Pemba, a ruwan da ke arewa da garinsu. A wannan farin yashi da baƙi ke ɗaukar hoto aka riƙa sauke waɗanda suka tsira da waɗanda suka rasu. An sami gawa sama da 200, waɗanda suka ɓace kuma sun ninka haka. Cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda katifa ko katako suka riƙe har gari ya waye aka zo ceto. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma matakin farko na fid da kai shi ne mutum ya iya zama a saman ruwa yana numfashi har taimako ya iso.

Ina tsaye ina kallon 'yan matan nan, Bagwai ce ta faɗo mini a rai. A ƙarshen Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a jihar Kano, sama da mutum 20 suka rasu, akasarinsu 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Allah ya jiƙansu. Kusan kowace damina sai an ji irin wannan labari daga kogin Neja ko Binuwai, daga Kebbi ko Sakkwato ko jihar Neja, kuma mata da yara ne suka fi yawa a cikin mamatan. Na san ruwanmu ba na Kendwa ba ne. Babu gishirin da zai taimaka, ga laka, ga ƙarfin gudu, don haka kwanciya a kansa ta fi wuya, kuma ba za ta maye gurbin rigar ceto da hana lodin wuce kima ba. Duk da haka yaron da ya taɓa jin ruwa ya ɗauke shi, ya san ya mayar da kai baya ya riƙe jarka, ba daidai yake da wanda bai taɓa ba.

Kirana ga sarakunan ruwa da masu unguwanni da malaman Islamiyya na garuruwan da ke bakin kogi da madatsun ruwa shi ne su zauna da iyaye a kan wannan. A nemi wuri marar zurfi a lokacin rani, a sami masunta amintattu su koya wa yara maza, a horar da mata su koya wa 'yan mata cikin sutura, kamar yadda ake yi a Nungwi. Ƙananan hukumomi kuma su ɗauki nauyin horar da masu koyarwar da sayen rigunan ceto, kafin damina mai zuwa ta cika koguna.